Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Zamfara Da Majalisar Sarakuna: Sunan Da Ake Laƙaba Wa Mutum Kafin Shari'a

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Gwamna, Masu Martaba iyayen ƙasa, Allah ya ƙara muku lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta 'yan bindiga. Mu da muka rubuto wannan takarda malaman ilimin zamantakewa ne da lauyoyi da ma'aikatan jin daɗin jama'a a wannan jiha. Kokenmu a kan wani abu ne da ba ya cikin kasafin tsaro, ba a sayensa da ko kwabo, amma kullum yana ƙara wa daji mutane. Shi ne sunan da ake manna wa mutum: ɓarawo, ɗan ƙwaya, ɗan daba, infoma, tsohon fursuna, tubabbe.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Wanda ya kashe rai, ko ya sace mutum, ko ya keta haddin mace, ko ya ƙona rumbun talaka, a kama shi, a gurfanar da shi, a yi masa hukuncin da ya dace da shi. Jihar da ta ga kisan gillar da aka yi a 'Yar Galadima a 2014, ta ga an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, ba ta buƙatar a koya mata zafin ta'addanci. Kuma ba suna ne ya haifi rikicin ba. Cinye burtali da makiyaya, satar shanu, rashin adalci a wurin rabon gardama tsakanin manomi da makiyayi, kwararowar makamai, talauci, duk suna gaba da shi. Aikin suna daban ne: shi ke rufe ƙofa a bayan wanda ya zame, ya kuma tura wanda bai yi komai ba wajen waɗanda suka yi.

Masana sun daɗe da lura da haka. Tun 1938 Frank Tannenbaum, wani masani a Amurka, ya nuna cewa idan al'umma ta ware yaro, ta yi ta nuna shi da yatsa, ƙarshenta yakan zama abin da ake kiransa. A 1951 Edwin Lemert ya raba laifi gida biyu. Akwai laifin farko, irin wanda matasa da yawa kan afka masa su wuce, ba tare da sun ɗauki kansu miyagu ba. Akwai kuma laifi na biyu, wanda mutum ke yi bayan an kama shi, an sa masa suna, hanyoyin halal sun toshe, shi ma ya yarda cewa shi ɗin haka yake. Na biyun ne ke zama sana'a. An gwada maganar a aikace. A Landan an bi rayuwar yara maza 411 tun suna ƙanana, aka ga cewa waɗanda kotu ta taɓa yanke wa hukunci laifinsu ya ƙaru daga baya, fiye da takwarorinsu da suka aikata irin abin da suka aikata amma ba su shiga hannu ba. A 2010 aka tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi matasa fiye da 7,000, sakamakon ya nuna cewa bin da yaro ta cikakkiyar hanyar kotu bai rage laifi ba, sau da yawa ma ƙara shi ya yi, idan aka kwatanta da karkatar da shi zuwa wata hanyar gyara. Waɗannan ƙasashen wasu ne, amma duk wanda ya zauna a unguwa ya san yadda abin ke tafiya.

A ɗauki yaro ɗan shekara 15 da ke koyon gyaran babur. Ranar kasuwa ya zare waya daga aljihun wani, aka yi ihu, aka cafke shi. Kafin mai unguwa ya iso an fasa masa baki, an tuɓe masa riga, an rataya masa wayar a wuya, mutum biyar suna ɗaukarsa da wayoyinsu. Kafin magariba hoton ya zagaye WhatsApp, har ƙauyen kakanninsa. Ya kwana uku a ofishin 'yan sanda, ɗaki ɗaya da manya waɗanda suka san inda ake sayar da babur ɗin sata da wanda ke karɓa. Uban ya sayar da tunkiya ya fito da shi. Washegari maigidansa ya ce ya dakata da zuwa gareji, don masu babura sun fara cewa ba za su bar kayansu a wurin ba. Iyayen abokansa sun hana 'ya'yansu tafiya da shi. A islamiyya ko takalmi ya ɓata shi ake kallo. Bayan wata biyu aka fasa wani shago a layinsu, aka zo aka ɗauke shi tun kafin a tambayi kowa, alhali daren yana gida. A nan ne lissafinsa ke juyawa: in na yi a doke ni, in ban yi ba a doke ni. Majalisa ɗaya ce ta rage da ke matsa masa wuri a kan benci, ta masu shan ƙwaya a bayan tasha. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wayar da ya sata an mayar wa mai ita tun ranar farko. Sunan kuwa yana nan har ranar da zai je neman aure, a ce wa iyayen yarinya ai wane ne, wanda aka ɗauka a bidiyo.

Mafi hatsari a cikin sunayen nan a yau shi ne infoma. Babu mai musun cewa akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma ɓarnarsu ba ta misaltuwa. Amma a duba su wa zargin ya fi faɗa wa: mai gidan burodi, ɗan acaɓa, mai kemis, mai cajin waya, mai sayar da kati, macen da ke kai tallan abinci bakin gari, dattijon da aka tilasta wa kai kuɗin fansar ɗansa. Duk mutanen da sana'arsu ko larurarsu ke haɗa su da kowa ne. A ƙauyen da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin a yi noma ko girbi, kusan kowane magidanci ya taɓa magana da su, don ba shi da zaɓi. Ga shi kuma kalmar ba ta buƙatar shaida. Mai bin bashi, abokin rigimar gona, wanda aka kayar a neman aure ko neman sarauta, kowa na iya jefa ta, kuma ba a cika tambayar mai jefawar me ke tsakaninsu ba. Hukuncinta kuwa sau da yawa ba ya jiran alƙali. Idan aka kashe mutum a kan zato, an bar 'ya'ya da ƙanne da suka ga gawarsa, suka kuma ji an ce gidansu gidan infoma ne. Mutanen da suka fi sanin lungun garin, da gidan mai kuɗi, da lokacin da masu gadi ke barci, an mayar da su masu jin haushin garin. Ta haka zargin ƙarya ke ƙera infoma na gaskiya.

Haka abin yake idan aka ɗauki suna aka yafa wa ƙabila sukutum. Lokacin da 'yan sa-kai suka fara tare Fulani a kasuwanni da hanyoyi, Bafulatanin da ke kiwonsa bai taɓa riƙe bindiga ba ya wayi gari ba ya iya shiga kasuwa ya sayar da saniya, matarsa ba ta iya kawo nono, mara lafiyarsa ba ya zuwa asibiti. Shi kansa an sace masa shanu a daji, a gari kuma ana kiransa ɓarawon shanu. Wanda zai sayo masa gishiri da magani, ya kuma ce zai kare shi, shi ne mai bindiga. A ɗaya ɓangaren, ɗan bindiga ya koya wa yaransa cewa duk Bahaushen ƙauye kaza ɗan sa-kai ne, don haka jininsa ya halatta. Suna biyu ne ke ciyar da juna, kowanne na ba ɗayan hujja. A watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Wannan hukunci ne a kan ƙungiyoyi da ayyukansu. Bai ba kowa izinin yanke hukunci da kallon fuska ko rawani ko kitso ko sandar kiwo ba. Sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya faɗa ƙarara cewa launin fata, shekaru, irin aski, irin sutura, da ɗaukar wani rukunin mutane a matsayin waɗanda suka fi aikata laifi, ba sa zama dalilin zargi. Dokar ta kuma hana kama wani a madadin wani, abin da har yanzu ake yi wa uwa da mata da ƙane.

Akwai wani gefen da ba a cika so a taɓo ba. Howard Becker ya yi bayani a 1963 cewa al'umma ce ke kafa doka, ita ce kuma ke zaɓen wanda za ta ɗora wa sunan mai karya ta. Mun ga misali a watan Satumba 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka. Ko da an yarda matakin ya zama dole a lokacin, ɗan bumburutun da jiya yake neman abincinsa ya kwana ya tashi mai laifi. Shi aka gani da jarka a gefen titi. Wanda ke da halin loda mai da yawa ya kai inda ake so ba a cika ganin fuskarsa ba. William Chambliss ya bi wasu gungun samari biyu a wata makarantar sakandare a Amurka, takwas 'ya'yan masu hali, shida 'ya'yan talakawa. Ɓarnarsu kusan ɗaya, ta 'ya'yan masu halin ma ta fi yawa, amma su suna da mota, suna yin tasu nesa da idon gari, sun kuma iya ba da haƙuri cikin ladabi. Garin ya kira su yaran kirki, ya kira na biyun 'yan iska, kuma yawancin kowane gungu ya bi sunan da aka ba shi. A nan ma ɓarawon zaune, mai sayen shanun sata da mai safarar harsashi da mai juya kuɗin fansa, yana sahun gaba da babbar riga, ana ce masa Alhaji. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matasa suna ganin wannan, kuma yana koya musu cewa abin kunya shi ne a kama ka kana talaka.

Addininmu ya riga masana. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, aya ta 6 ta ce a yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari, aya ta 12 ta ce a nisanci yawan zato. Suratul An'am ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Kuma a Sahihul Bukhari an kawo mutumin da aka yi wa haddin giya, wani ya yi masa mummunar addu'a, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kansa. An yi haddin, ba a ɗaga ba, amma ba a yarda a kore shi daga cikin jama'a ba. Abin da John Braithwaite na Ostareliya ya rubuta a 1989 kusan wannan ne: kunya iri biyu ce, wadda ke ƙyamar aikin ta buɗe wa mai shi hanyar dawowa, da wadda ke ƙyamar mutumin ɗungurungum. Ta farkon tana rage laifi, ta biyun tana ƙara shi. Jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 ita ta fi cancanta ta riƙe wannan bambanci.

Don haka, Mai Girma Gwamna, muna roƙon a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A hana baje waɗanda ake zargi a gaban kyamara kafin kotu ta yi hukunci, ko a hannun wa suke, jami'an tsaro, Hisbah, ko Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma ta jiha da aka ƙaddamar a watan Janairun 2024. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma jihar Legas ta sa wannan hani a dokarta tun 2021. Kotu na iya sallamar mutum, amma ba ta iya goge bidiyo daga wayoyin mutane dubu. In ana so jama'a su ga ana aiki, a nuna makaman da aka ƙwato, a faɗi adadin waɗanda aka kama, a ajiye suna da fuska sai ranar hukunci.

Zargin infoma kuwa yana buƙatar ƙa'ida a rubuce, wadda kowane askari da ɗan banga zai haddace. Mai zargi ya faɗi abin da ya gani, da rana, da wuri, a rubuta, a ɓoye sunansa ga jama'a amma hakimi da babban jami'in 'yan sanda na yankin su san shi. A yi masa tambaya ɗaya kafin komai: akwai bashi, gona, aure ko siyasa tsakaninka da wannan mutum? A nemi shaida ta biyu daga wanda ba gidansu ɗaya da mai zargin ba. Wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan sanda a ranar, su kuma su kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, kamar yadda sashe na 35 ya tanada. Amsa laifin da aka samu da duka ba shaida ba ce, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da dukan kansa laifi. Mutumin da ake ɗirka zai ambaci duk sunan da ya zo bakinsa don a sassauta masa, sai a kamo waɗannan, su ma su ambaci wasu, a cika ɗaki da marasa laifi, mai laifin na gaskiya yana shan shayi a tasha. Wanda kuma aka tabbatar ya yi ƙage da gangan, shi ma a gurfanar da shi. Ranar da aka hukunta mutum ɗaya a kan haka a fili, masu jifa da kalmar za su fara auna bakinsu.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara 18 da suka yi ƙaramin laifi na farko, irin satar waya ko kaza, faɗa ba da makami ba, ko kama su da ƙwayar da za su sha, muna ba da shawarar zaman gyara a maimakon ɗakin tsaro. A yi shi cikin kwana bakwai, a zauren mai unguwa, ƙofa a rufe, ba waya. Mutum shida sun isa: yaron, mahaifi ko waliyyi, wanda aka cuta, mai unguwa, liman, da jami'in jin daɗin jama'a mai rubutawa. Wanda aka cuta ya fara magana, ya faɗi asarar da aka ja masa. Yaron ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. A yanke abin da zai biya, da kuɗi ko da aiki, gwargwadon abin da shi kansa zai iya cikin wata uku. A ɗora wa wani babba guda ɗaya, wanda yaron ke jin nauyinsa, alhakin ganinsa kowane mako har wata shida. Idan ya cika, a rufe takardar, kada ta bi shi makaranta ko wurin aiki. Inda irin wannan zama ke lalacewa sananne ne. Yakan koma taron zagi, kowa ya tofa, yaron ya fita da ƙunci fiye da yadda ya shigo. Ko a yanka tarar da ta fi ƙarfin gidan, sai ya sake sata don ya biya. Ko uba mai hali ya zaro kuɗi a take, ɗansa bai ji komai a jikinsa ba. Ko kuma a watse babu mai bibiya, wanda shi ya fi yawa.

Masu Martaba, akwai aikin da ku kaɗai ke iya yi. Muna da hanyoyi da yawa na sa wa mutum suna, ba mu da ko ɗaya ta cire masa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, amma duk wanda ya fito, ko wanke shi aka yi, tsohon fursuna ne a bakin mutane. Kamar yadda aka kama shi a bainar jama'a, a wanke shi a bainar jama'a. Hakimi ya ba shi takarda mai hatimi, liman ya sanar bayan sallar Juma'a cewa an bincika ba a same shi da laifi ba, ko ya gama hukuncinsa, mai unguwa ya raka shi har wurin sana'arsa. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta riga ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sa ido da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, saura a ba alƙalai jami'an da za su riƙa bibiya don su samu ƙarfin gwiwar amfani da shi.

Watanni ukun farko bayan fitowa su ne masu wuya. Raba keken ɗinki ko kayan walda a taro ba ya wadatarwa, domin wanda ba a yarda da shi ba babu mai kawo masa yadi, ƙarshenta ya sayar da keken. Wata masaniya, Devah Pager, ta gwada haka a birnin Milwaukee na Amurka: ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, a cikin fararen fata waɗanda ba su nuna tarihin ɗauri ba an kira kashi 34 cikin ɗari, waɗanda suka nuna an kira kashi 17. Abin da ke aiki shi ne a damƙa kayan a hannun maigidan sana'a da ya yarda ya riƙe shi, a samu mai tsaya masa, sannan ƙaramar hukuma ta ba shagon aikin farko, ko bencin makaranta ne ko ɗinkin kayan ɗalibai, don mutane su ga an fara yarda.

Sai kalmar tubabbe, wadda tun sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga a 2019 ta zama buhun da ake zuba kowa a ciki. Jagoran daba da ya ba da umarnin kisa, da mai riƙe bindiga, da yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara goma aka sa shi kiwon shanun sata, da matar da aka sace aka mayar mai dafa abinci, ba matsayinsu ɗaya ba. Idan aka kira su da suna ɗaya, babban ya fake a cikinsa ya tsira daga tambaya, ƙaramin kuma ya ɗauki ƙiyayyar da babban ya jawo. A tantance su mutum-mutum, a gaban alƙali da wakilin waɗanda aka zalunta, a rubuta wanda zai fuskanci shari'a, da wanda zai biya haƙƙi, da wanda shi kansa abin tausayi ne. Yaran da matan kada a mayar da su garin da aka san su sai an zauna da mutanen garin tukuna, kuma a rajistar makaranta ko ta asibiti kada a rubuta komai a gaban sunansu sai sunan uba da na unguwa.

Takarda ɗaya daga ofishin Mai Girma Gwamna zuwa shugabannin ƙananan hukumomi 14 da masarautu, mai ɗauke da hanin baje mutane da ƙa'idar karɓar zargi, ta isa a fara. Zaman gyaran yara kuma ana iya gwada shi a unguwanni kaɗan na Gusau da Kaura Namoda da Talata Mafara na tsawon shekara ɗaya, a riƙa rubuta yara nawa aka zauna da su, nawa suka biya, nawa aka sake kamawa, a gwama da waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya, kafin a faɗaɗa.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu malaman ilimin zamantakewa, lauyoyi da ma'aikatan jin daɗin jama'a,
Gusau, Jihar Zamfara.